An Yi Wa Laftop Sabon Windows, Ta Dawo Tana Sandarewa

Marar lafiyar da zan kawo muku yau ba a asibiti na haɗu da ita ba, a falona take kwance.

Laftop ɗaya gare mu a gidan, 'yar gwanjo ce. Da ita nake rubuta muku wannan shafi, da ita kuma ƙanwar maigidana da ke zaune wurinmu take gwajin tambayoyin JAMB, tunda jarrabawar a kan kwamfuta ake yin ta. Da ta fara nauyi, sai na ba da ita aka kai wa mai gyara. Ya ce fomatin za a yi mata, wato a goge komai a zuba sabon Windows. Na ce to. Ta dawo fes da ita, amma ba a yi minti ashirin da kunnawa ba ta tsaya cak. Kibiya ba ta motsi, maɓalli ba ya amsawa. Saura mako uku jarrabawa, yarinya ta zauna tana kallona kamar ni na kashe zomon.

Ga abin da na koya a kwanakin nan, a jere yadda za ki bi shi.

Da farko, taimakon gaggawa. Idan ta sandare, kada ki yi saurin kashe ta. Danna maɓallin Caps Lock. In laftop ɗinki na da 'yar fitila a wurin, kuma tana kunnuwa tana mutuwa, to da sauran numfashi, aiki ne ya yi mata yawa. Ba ta minti biyar. In shiru, danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, ki rufe manhajar da ta maƙale. In hoton ne kawai ya tsaya amma kina jin sauti, danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B a tare, wannan yana farfaɗo da sashen da ke nuna hoto. Sai duk waɗannan sun gaza sannan ki danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 10 har ta mutu. Yawan kashe ta da ƙarfi tana tsakar rubuta abu a ma'ajiyarta yana iya lalata sabon Windows ɗin da kika biya kuɗi aka zuba.

Daga nan sai ɗaukar tarihi, yadda muke yi wa marar lafiya. Yaushe take sandarewa? Da an kunna ta, ko sai ta jima tana aiki? Sai an sa bidiyo, ko sai an jona intanet? Rubuta a takarda na kwana biyu. Amsar nan ita ce rabin magani.

Idan a kwana ɗaya ko biyun farko ne, kuma da an jona intanet take yi, yawanci sabuntawa ce. Sabon Windows yana sauke gyare-gyare masu yawa a bayan fage, yana kuma tsara fayiloli. Buɗe Task Manager, shiga Performance, ki dubi Disk. In yana zaune a kashi 100, kina ganin dalilin da idonki. Jona ta a caji, shiga Settings, ki buɗe Windows Update, ki bar ta ta gama, ki sake kunna ta duk lokacin da ta nema. Abin yana cin data sosai, don haka ki shirya masa. Kuma ki zaɓi lokacin da kike da tabbacin wuta ko janareto, don yankewar wuta a tsakiyar sabuntawa, musamman in batir ya mutu, ita ma wata cutar ce.

Idan ta gama sabuntawa ba ta daina ba, sai a duba direbobi. Direba a nan wata 'yar manhaja ce da ke zama tafinta tsakanin Windows da kowane sashe na laftop: na hoto, na sauti, na Wi-Fi, na ma'ajiya. Fomatin yana share su duka, kuma mai gyaran da ke sauri yakan zuba Windows ya miƙo miki ba tare da ya mayar da su ba. Danna maɓallin Windows da X, zaɓi Device Manager. Duk inda kika ga alamar motsin rai a cikin 'yar kusurwa uku ruwan ɗorawa, wannan sashen ba shi da tafinta. Buɗe Display adapters kuma. In kin ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, ba a sa ainihin direban hoto ba. Juya laftop ɗin ki kwafi lambar samfurinta, ki shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta ki sauke direbobin daga can. Ki guji manhajojin nan masu cewa za su gyara miki direbobi duka da dannawa ɗaya, da yawansu talla da datti suke shigowa da su.

Abu na uku, a duba ko an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, shi ya sa masu gyara ke zuba Windows 11 a kusan kowace laftop. Amma Windows 11 na da sharuɗɗa: aƙalla RAM 4GB, ma'ajiya 64GB, da wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0. A injinan Intel kuma, galibi daga zubi na 8 zuwa sama ne aka amince da su. Akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, kuma ana yi. Sai dai 4GB ɗin nan ƙarshen ƙasa ne. Ki buɗe shafuka kaɗan a Chrome, ki dubi Memory a Task Manager, za ki ga ya kusa cika. In laftop ɗinki na karɓar ƙari, mayar da shi 8GB yana kawo sauƙi sosai.

Na huɗu, zafi. In sai ta jima tana aiki take tsayawa, fanka na ta gurnani, ƙasanta kuma kamar dutsen guga, to zazzaɓi ne. Ƙurar hunturu tana toshe kafofin iska, mu kuma muna ƙara mata da ɗora ta a kan katifa ko filo. Ki ajiye ta a kan tebur ko faranti mai faɗi, ki sa mai gyara ya buɗe ya kakkaɓe fankar.

Akwai gwaji guda da ke raba gardama. Danne Shift, ki danna Restart ba tare da kin saki ba. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sannan ki danna 4. Wannan shi ne Safe Mode, inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kaɗai. In ta yi awa guda lafiya a nan, zargi ya fi karkata ga direba ko wata manhaja da aka zuba, misali riga-kafin ƙwayar cuta guda biyu da ke faɗa da juna. Windows na zuwa da nasa, ya kuma wadatar da yawancin gidaje. In kuwa a nan ma ta sandare, ki fara zargin ƙarfen kansa.

Tawa a nan ma ta sandare. Na sa direbobi, ta ɗan samu sauƙi, amma ba ta warke ba. Ran nan da daddare, gida ya yi tsit, na ji tana wani ƙas-ƙas a hankali daga ciki. Na sauke wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, mai karanta rahoton lafiyar ma'ajiya, ta nuna min Caution da ruwan ɗorawa. Ashe ma'ajiyar ce, irin tsohuwar nan mai faifai da ke juyawa, take mutuwa. Nauyin da laftop ɗin ta fara tun asali alamar ciwon ce. Mun ba da maganin ciwon kai ga mai hawan jini. Aka cire ta aka sa SSD, wadda ba ta da abin da ke juyawa a ciki, aka sake zuba Windows. Tun ranar ba ta ƙara tsayawa ba, yarinya ta samu kwana goma sha biyu tana gwaji kafin ta shiga jarrabawa.

Abin da bai dawo ba shi ne hotunan sunan ɗana na fari. Suna kan Desktop, fomatin na farko ya tafi da su. A cikinsu akwai wanda mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, take riƙe da shi. Mai gyara bai tambaye ni ba, ni ma ban faɗa masa ba, don haka laifin namu ne mu biyu.

Saboda haka uwargida, kafin laftop ta bar gidanki, kwashe hotuna da takardu ki zuba a filas ko Google Drive, ki buɗe su a can ki tabbatar sun shiga. Hotunanki na cikin ɗaki, da na 'yan matanki, ki goge su daga laftop ɗin bayan kin kwashe, ki kuma fita daga imel da WhatsApp. In kin isa shago, yi wa mai gyara tambaya uku: ya gwada lafiyar ma'ajiya kafin ya ce fomatin? Wane Windows zai zuba, kuma laftop ɗin ta cika sharuɗɗansa? Zai mayar da direbobi? Ranar karɓa kuma kada ki yi sauri. Ki zauna, ko ki sa wanda kika aika ya zauna, a kunna ta a gabansa, a sa bidiyo na rabin awa, a buɗe Device Manager a gani.

Wadda tata ke irin wannan ciwo, ta rubuto min a ƙasa ta faɗi lokacin da take sandarewa da abin da Disk da Memory ke nunawa, sai mu duba tare. Allah ya ba 'ya'yanmu masu jarrabawa sa'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.