Brevet ɗin da lakol ba ta koya wa yaranmu

A tambayi kowane ɗan kwaleji a Maraɗi ko Damagaram mene ne brevet, zai ce takardar BEPC ce. Uwaye ma iyakar saninsu ke nan. Alhali kalmar tana da wata ma'ana wadda ta shafi tukunyar gidan kowa: takardar da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu, ta hana wani ƙera shi ko saida shi ba da izininsa ba har shekara 20. Yaro ya yi shekara goma a kan benci, ya fita bai taɓa jin wannan ba. Sakaci ne, kuma mu malamai da uwaye ne masu shi.

Akwai masu cewa wannan lissafin Turawa ne, wai ilimi na Allah ne, ba a kulle shi da takarda. To, su je Galmi su faɗi haka. Cikin shekarun 2000 wani kamfanin iri da ke Senegal ya kai buƙata gaban OAPI, hukumar ƙasashe 17 mai mazauni a Yawunde wadda Nijar ke cikinta, yana neman a ba shi kariya a kan irin albasa da sunan Violet de Galmi. Albasar da manoman jahar Tawa suka gada, suna zaɓen irinta shekara da shekaru, ita ce wani ya so ya rubuta da sunansa. Sai da ƙungiyoyin manoma suka yi ca, gwamnati ta sa baki, sannan kamfanin ya saki sunan. Da an yi shiru, da ilimin na Allah ya koma na mai takarda.

Abin takaici, har cikin masu ilimin boko ana cakuɗa takardun nan. Za ka ji ana cewa a yi wa kilishi brevet. Ba zai yiwu ba, domin sharaɗin farko shi ne abu ya zama sabo, kilishi kuwa ya girmi kakanninmu. Abin da ke kare shi ita ce shaidar asalin wuri, wadda ke ɗaure sunan kaya da ƙasar da ake yin sa da kuma yadda ake yin sa; ita ce OAPI ta bai wa kilishin Nijar da albasar Galmi. Tambarin kasuwanci daban yake, shi ke rarrabe kayan wane da na wane. Haƙƙin mawallafi ma daban, shi ke kare littafi da waƙa, kuma BNDA ce ke kula da shi a ƙasar nan. Wanda bai san bambancinsu ba, ƙofar da ba ita ba zai je yana ƙwanƙwasawa.

Gaskiya ne tsarin yana da tsada, kuma manyan kamfanoni sun fi talaka lauyoyi. Amma ƙin sanin doka bai taɓa hana ta aiki a kan mutum ba. A 1994 ofishin Turai mai ba da brevet ya ba da takarda a kan wani maganin cutar shuka da aka haɗa da man dogon yaro, bedin nan da ke ƙofar kowace lakol. Mutanen Indiya suka kawo hujja cewa an daɗe ana amfani da shi haka a ƙasarsu, aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Hujja ce ta ci shari'ar, kuka kaɗai da bai ci ba.

Saboda haka malam, ba sai ka jira sabon tsarin karatu daga Yamai ba. Darasin tarbiyyar ɗan ƙasa ya isa ka ware awa guda ka fayyace takardun nan. Ka sa yara su rubuta abin da tsofaffin garinsu suka sani game da iri da jima da magani, da sunan gari da kwanan wata. Kuma ka fara da kanka: malamin da ya kwafe littafin abokin aikinsa ya goge sunansa yana saidawa, ba shi da bakin tsawata wa yaron da ya kwafi amsa.

Ku kuma uwaye, in yaro ya haɗa wata na'ura da gwangwani da waya, ku daina cewa ɓata lokaci yake. Ku tambaye shi yadda take aiki, ku sa ya zana ta a littafi ya adana.