Mai Sayen Furojet Ya Rufe Wa Kansa Ƙofa

'Yan uwa ɗalibai, duk shekara idan lokacin furojet ya zo, kasuwar masu shagunan kwamfuta na bakin get takan buɗe. A biya kuɗi, a sauya suna a bangon tsohon aikin wani, a kai wa malami ya sa hannu. Mai yin haka gani yake ya huta. Ni kuwa gani nake ya rufe wa kansa ƙofar wata sana'a da yawancinmu ba ma ko tunaninta, wato aikin bincike a fannin kimiyya da injiniyanci.

Eh, sana'a ce, ana biyan albashi. Wanda ya gama digirin digirgir yakan samu aikin da ake kira fosdok: jami'a ko cibiyar bincike ta ɗauke shi kwantiragi, galibi na shekara 1 zuwa 3, ya yi bincike tare da wani babban farfesa. Tarayyar Turai tana da shirin Marie Curie, Jamus tana da gidauniyar Humboldt, wadda ta ware tallafin Georg Forster musamman don masu bincike daga ƙasashe masu tasowa. A birnin Trieste na Italiya akwai cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a 1964, wadda ta daɗe tana karɓar masana kimiyya daga Afirka.

Wani zai ce, "Kai malam, mu 'yan foli ina ruwanmu da wannan?" Ai da ruwanmu. Hanyar dai tana da tsawo: bayan babbar difloma, yawancin jami'o'inmu sai ka yi PGD kafin su ba ka gurbin digiri na biyu, sannan digirgir. Amma ba a toshe take ba. PTDF tana ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu da na uku, TETFund kuma tana tura malaman foli ƙaro ilimi. Kuma ba dole sai Turai ba. A Zariya kaɗai akwai IAR ta Samaru, da NARICT, da cibiyar makamashi ta CERT.

To, me masu ɗaukar aikin nan suke dubawa? Kwali kaɗai ba ya isa. Suna son ganin binciken da ka wallafa, da tsarin abin da kake son ka bincika, da wasiƙar malaman da suka san aikinka. Sannan za su zaunar da kai su yi ta jefo maka tambayoyi. Wanda bai taɓa auna abu da hannunsa ya ga sakamakon ya ƙi fitowa ba, ya sake gwadawa, me zai ce musu? Malamin da ya san saye ka yi, wace shaida zai ba ka?

Abin takaicin shi ne, mu ne muke da abin da ɗakunan gwaje-gwaje ke nema. Ɗan foli ya saba da walda, da haɗa waya, da gyaran na'ura. Wannan hannun ba kowane mai digiri ke da shi ba.

Gaskiya fosdok ba aikin dindindin ba ne, kuma gasar tana da zafi. Ba kowa zai bi wannan hanya ba. Amma wanda zai bi, daga furojet ɗin bana zai fara. Ka zaɓi ƙaramar matsala, ko da ta famfon sola ce ko injin busar da tumatir, ka yi da kanka, ka rubuta abin da ka gani ko da bai yi kyau ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.