Gawa Mai Tsalle da Tafkin Madarumfa

Akwai malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu da ransu ke ɓaci idan suka tarar da yara a gidan kallo suna ƙyaƙyata dariya ga fim ɗin Sin, inda gawa ke tsalle da takardar laya rawaya liƙe a goshinta. Sukan ce shirme ne mai ɓata tarbiyya. Wannan hukunci na gaggawa ne, kuma ya tsallake darasin da ya fi shafarsu.

A 1985 Sammo Hung ya shirya Mr. Vampire a Hong Kong, Ricky Lau ya ba da umarni, Lam Ching-ying ya fito a matsayin malamin addinin Tawo. Almarar gida suka ɗauko: a lardin Hunan an daɗe ana ba da labarin matsafan da ke koro gawarwakin matafiya zuwa garuruwansu don a binne su kusa da kakanni. Daga nan aka sami gawa mai tsalle, wadda ake kora da shinkafa mai danƙo, ake ɓuya mata ta hanyar riƙe numfashi. Da harshen Kanton aka yi fim ɗin, harshen kasuwar Hong Kong, ga shi har ya iso ƙasar Hausa.

To, Madarumfa me ta rasa? Tafkinta da kaburburan waliyyai 99 suna cikin jerin share fage na UNESCO tun 2006. Ƙasar Maraɗi cike take da labaran Doguwa, Sarkin Rafi da Dodo. Amma tun daga Turmin Danya a 1990, fina-finan Hausa sun fi karkata ga soyayya, daga baya kuma ga rawa da waƙa irin na Indiya.

Masu cewa ba a wasa da abin da mutane suka yi imani da shi ba su kalli fim ɗin da kyau ba. Dariyarsa tana kan attajirin da ya tono gawar mahaifinsa don neman ƙarin arziki, da almajirai wawaye. Umaru Ganda ma, a farkon shekarun 1970, ya fallasa malamin tsibbu mayaudari a Saitane.

Tsofaffin da suka san labaran tafkin suna ƙarewa. Ƙungiyoyi su naɗi muryoyinsu, malamai su sa ɗalibai su mayar da labaran wasan kwaikwayo. Wanda ya ƙi ba yaro tatsuniyar gidansu bai da bakin hana shi ta maƙwabta.