Kaushin Ƙafa Ba Abin Kunya Ba Ne: Darasi Daga Dabbar Kowala

A dazuzzukan gabashi da kudancin Ostareliya akwai wata dabba mai suna kowala, wadda kusan duk rayuwarta a bisa itacen turare take yin ta, wato irin itacen nan da aka kawo daga can aka dasa a garuruwanmu. Ganyensa ne abincinta, rassansa ne makwancinta. Gashinta mai kauri yana kare ta daga ruwa da sanyi, ya kuma fi cika a mazaunanta, inda yake zame mata matashi. Amma abin da ke riƙe ta a sama shi ne tafin hannu da na ƙafa.

Yatsun hannunta biyar ne, biyu suna fuskantar uku, sai su damƙi reshe kamar awartaki. A ƙafa kuwa, yatsa na biyu da na uku sun haɗe, faratansu ne matsefinta. Tafin ba shi da gashi, fata ce mai kaushi wadda ba ta santsi. A gobarar dajin da aka yi a 2019 zuwa 2020, kowala da yawa sun ƙone a tafi. Wadda tafinta ya ƙone ba ta iya hawa, wadda ba ta hawa kuwa yunwa ce ajalinta.

To, mai karatu, mu fa? Ba mu tunawa da ƙafa sai ranar da za a ce "ƙafa me na ci ban ba ki ba". In ma mun tuna, sai mu ɗauki reza muna kankare dunduniya wai don kwalliya. A ganina wannan kuskure ne babba. Kantar da tafiya ke haifarwa garkuwa ce. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2019, kan mutanen Kenya da Amurka, ya nuna cewa kanta tana kare ƙafa ba tare da ta rage mata jin abin da ta taka ba.

Abin tsoro shi ne faso. Tafin ƙafar ɗan Adam ba ya fitar da maiƙo kamar sauran fata, sai gumi kawai. Shi ya sa da hunturu ya busa sai ya bushe ya tsage, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Maganin ba shi da tsada: a wanke ƙafa, a tsane tsakanin yatsu, a goge kaushin da ya yi yawa a hankali da dutse, a shafa man kaɗanya a dunduniya kafin barci.

Mai ciwon suga kuwa hukuncinsa daban ne, domin cutar tana kashe jijiyoyin ji, ƙaramin rauni ya zama gyambo, har ya kai ga yanke ƙafa. Kada ya yi tafiya ba takalmi, ya duba tafinsa kullum, kanta ko faso kuma ya kai wa likita.

Manomi da ɗan dako da mai talla, duk da ƙafa suke ci, kamar kowala. A ajiye reza, a ɗauki man kaɗanya.