Ra'ayi: Kafin ka kira ɗan'uwanka, tambaye shi ko yana tuƙi

Kwanan baya na shiga motar haya daga tashar Maradi zuwa Tasawa. Tun kafin mu kai Cadawa direba ya fiddo salula, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana danna saƙonnin murya na WhatsApp. Ya saurara, ya yi dariya, ya mayar da amsa. Bayan mun wuce Gazawa sai ga amalanken shanu ya fito daga gona ya hau kwalta. Allah ya kiyaye, karen mota ne ya buga ƙofa da ƙarfi, direba ya taka burki, muka tsaya dab da ƙahon sa. Kusan mu ashirin ne a cikin motar, kowa ya yi salati, amma babu wanda ya ce masa ya ajiye wayar. Ni ma ban ce komai ba, kuma har yau abin yana damuna.

Wanda ya san babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Maradi, Agye, Gazawa, Tasawa da Maijirgi ta nufi Damagaram, ya san ba motoci kaɗai ke binta ba. Manyan motocin kaya da bas-bas na dogon zango suna raba kwalta ɗaya da 'yan kabu-kabu, amalanke, garken awaki da yara masu talla. Hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Mayahi, irin su Kanambakashe da Isawan, rairayi ne da ramuka, inda babur ke zamewa ko da hannu biyu aka riƙe shi. A irin wannan wuri, daƙiƙa ɗaya ta kau da ido tana da tsada.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya sunkuya daƙiƙa 4 don ya ga wanda ya kira shi, ya yi tafiyar mita 100 ke nan bai ga gabansa ba, wato kusan tsawon filin ƙwallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tuƙi yana amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki 4, kuma sa abin sauraro a kunne ba ya rage haɗarin sosai, domin hankali ne ke tafiya. A rahotonta na 2023, hukumar ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kuma haɗarin hanya shi ne babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ke nan, da ƙannenmu.

Na san abin da direbobi za su ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Wayar nan ita ce ofishinsu. Mai mota na kira yana neman lissafi, ɗan kamasho na tambayar kujera nawa ta rage, fasinja na jira a bakin hanya. Ɗan kabu-kabu da ya ƙi ɗaga waya ya san wani zai ɗauke masa ciniki. Sai dai tsayawa gefen hanya na minti ɗaya ba ya hana kowa abincinsa. Karaya a ƙafa kuwa tana zaunar da mutum watanni, kuma idan raunin ya fi ƙarfin asibitin Tasawa ko na Mayahi, sai an kwashi mutum zuwa Maradi ko Damagaram, iyali su sayar da akuya da hatsi don biyan magani. Masu cewa komai ƙaddara ce su tuna cewa kare rai umarni ne a kanmu, kuma direba amanar rayukan mutane ya ɗauko.

Akwai wani ɓangare na laifin da ba mu cika ambata ba, shi ne mai kira. 'Yan'uwanmu da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Legas ko Abijan, da yawanku ku ne kuka aiko da kuɗin babur don ƙanenku ya samu abin yi. Idan ka kira shi ka ji ƙarar inji da iska, ka ce ya tsaya ko ka kashe ka sake kira. Kar ka yi fushi don bai ɗaga ba, kuma kar ka jera masa kira biyar a kan maganar da za ta iya jira. Idan za ka aiko da kuɗin babur, ka haɗa da na hular kwano.

Hukuma ma tana da nata aikin. Ƙasar nan tana da ANISER, hukumar kula da kiyaye haɗurran hanya, ga jandarmomi da 'yan sanda a shingaye. Bai kamata bincike ya tsaya a kan takardun mota kawai ba. Magadan gari da ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Tasawa da Mayahi za su iya kafa doka mai sauƙi: muddin mota na tafiya, waya na hannun karen mota. Gidajen rediyon al'umma da limamai a huɗubar Juma'a su riƙa maimaita maganar, musamman lokacin Sallah da kaka, sa'ad da hanya ke cika.

Mu fasinjoji kuma mu daina kunyar da ba ta da amfani. Ba sai an yi faɗa ba. “Maigida, don Allah ajiye wayar, ko ka ba ni in amsa maka” ta isa, kuma idan mutum ɗaya ya fara, sauran za su mara masa baya. Ranar da na yi shiru a hanyar Tasawa, ihun karen mota ne ya cece mu. In na sake shiga mota na ga direba da waya a hannu, zan yi magana.