Sakan 4.2 da Sakan 4.9: Gardamar da Ta Manta da Birki

Akwai gardamar da ba ta tsufa a majalisun masu ilimi da abin hannu: tsakanin motar tsere da doguwar motar alfarma, wacce ta fi fizga? Da an taɓo zancen sai kowa ya zaro waya ya karanto adadin sakan da mota ke ɗauka daga tsaye cik zuwa kilomita 100 a awa, kamar wanda ya kawo hujjar da ta rufe bakin kowa. Tambayar tana da amsa, amsar kuma ba ta da wuya. Abin da ke da wuya shi ne a nuna inda take da amfani ga wanda zai taso daga Gwandu, ya ratsa Birnin Kebbi, ya nufi Kalgo.

A fara ba masu gardamar haƙƙinsu. Porsche 911 Carrera ƙirar 2019 tana da ƙarfin doki 385, nauyinta kimanin kilo 1,500, kamfaninta ya ce tana kai 100 cikin sakan 4.2. Mercedes S 500 ƙirar 2020 ta fi ta ƙarfi, doki 435, amma ta haura kilo 2,000, saboda haka sai ta ɗauki sakan 4.9. Sirrin ke nan: ba a duban ƙarfin inji shi kaɗai, sai an raba shi da nauyin da zai ja. Kowane tan na Porsche yana samun doki kusan 255, na Marsandi kuwa wajen 210. Injin 911 kuma a baya yake zaune, yana danne tayoyin da ke tura motar, shi ya sa ba ta ɓata lokaci wajen kartar kwalta.

To amma a shekarar 2022 Mercedes-AMG ta fito da S 63 E Performance, wadda aka haɗa wa injin fetur da na lantarki, doki 802, sakan 3.3. Motar da aka ƙera don mai gida ya miƙe ƙafa a kujerar baya ta bar Carrera a baya da kusan sakan guda. Wato tsohon rabon da ake yi, wannan ta gudu ce waccan ta hutu ce, kuɗi sun rushe shi. Abin da kuɗi ba su rushe ba shi ne nauyi. S 63 ta kusa kilo 2,600. Idan su biyun suna tafiya a gudu ɗaya, ƙarfin da za ta afka wa abin da ta tarar da shi ya fi na Carrera da kusan kashi 70 cikin 100. Wannan adadin ba ya shiga majalisa, don ba ya burge kowa.

Su kansu lambobin da ake taƙama da su, a filin gwaji aka samo su: kwalta mai tsabta, sababbin tayoyi, ƙwararren direba, da fetur mai darajar oktan 98 da Porsche ke so, wanda ya fi abin da gidajen man ƙasar nan suka saba sayarwa. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan haura digiri 40, iska mai zafi kuwa ba ta ciyar da inji yadda mai sanyi ke yi. Ga yashin da iska ke watsawa kan titi. Ga tudun rage gudu a bakin garuruwa, wanda motar da cikinta bai kai taƙi ɗaya daga ƙasa ba sai ta hau shi a karkace, tana rarrafe, Golf ɗin haya na danna mata ham.

Ko da an ce duk wannan babu, ratar da ake gardama a kanta sakan 0.7 ce. Tirela ɗaya mai lodin shinkafa ko albasar Aliero ta isa ta cinye wannan riba sau ɗari kafin a samu sararin wuce ta. Ƙa'idar hanya ta Najeriya, wadda hukumar FRSC ke kula da ita tun kafuwarta a 1988, ta ba motar gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na musamman. Ashe gudun da ake auna waɗannan motoci da shi ya riga ya wuce abin da doka ta yarda a yawancin hanyoyin jihar.

Mahayan ƙasar Gwandu sun daɗe da sanin abin da masu karanta lambobi suka manta. A hawan Salla, idan ayari ya sako dawaki zuwa gaban Sarki don jafi, sukuwar ba ita ce gwaninta ba, kowane ƙosasshen doki yana sukuwa. Gwanintar tana wurin jan linzami, dokin ya turje ya tsaya daidai inda ake so. Wanda dokinsa ya zarce ya afka cikin jama'a, ba wanda zai yaba masa da cewa ai ya fi kowa tashi.

Lissafin tsayawar ga shi. Motar da ke kilomita 100 tana cin mita kusan 28 a kowane sakan. Kafin ido ya ga yaron da ya biyo akuya, ƙafa ta bar totur ta taka birki, sakan guda ya tafi, wannan ma ga direban da hankalinsa ke kan hanya. Sannan birkin kansa yana buƙatar mita 35 zuwa 40 a kan kwalta mai kyau. Idan gudun ya kai 140, tazarar birkin kusan ninkawa take yi, domin ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, da murabba'insa take tafiya. A kan yashi kuwa sai abin da hali ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi daga kilomita 50 zuwa 65. Motar da ke kai 100 cikin sakan 3.3 tana tsallake wannan tazara kafin direbanta ya ƙifta ido sau biyu.

Masu kare fizga suna da hujja ɗaya mai nauyi: mota mai saurin tashi tana gajarta lokacin da ake yi a hannun wasu yayin wuce babbar mota. Gaskiya ne. Sai dai wannan fizga ce daga 60 zuwa 90, wadda Camry mai lafiya ma ke yi, kuma ƙarfin da ya wuce haka abin da yake ƙara wa direba shi ne ƙwarin gwiwar shiga inda da bai shiga ba. Wasan mota da samari ke yi a bukukuwan aure daga irin wannan taƙama yake tsirowa, kuma ba daga bakin jahilai suka koye ta ba.

Kalgo gari ne da ke da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, da babban asibitin jiha. Bakin hanyarsa ɗalibai ne ke jiran mota, 'yan kabu-kabu na juyawa ba sigina, masu jinya na tsallakawa riƙe da kwanon abinci. Babu ko ɗayansu da ke da bel ko jakar iska, kuma su ne ke tsaye a cikin waɗannan mita 28 na farko.