KAYAN ARO BA YA RUFE KATARA: NASIHA KAN SHIGAR JARUMAN WASAN KWAMFUTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata al'ada da ke shigowa wurin samarinmu ta wayoyin hannu, wadda ya kamata mu san ta tun kafin ta zauna da gindinta. Ita ce a ɗinka tufafi irin na wani jarumi na wasan kwamfuta, a sanya, a tsaya irin tsayuwarsa, a ɗauki hoto a watsa. Masu yinta suna kiranta kosfile. A Japan aka raɗa mata wannan suna a shekarun 1980, kuma tun 2003 ake yin taronta na duniya a birnin Nagoya. A 2012 aka fara taron Lagos Comic Con a Legas, inda ake yin irin wannan shiga. Abin da ya sauka Legas kuwa, wayar hannu ba ta jiran mota kafin ta kawo shi Yelwa ko Wara ko Shanga.

Aikin ba ƙarami ba ne. Sai mai yi ya tara hotunan jarumin gaba da baya, ya sayi yadi ya kai wa tela, ya yanka soso ya yi sulke, ya sassaƙa takobi ko bindigar katako ya shafa fenti, ya nemi gashin kanti. Sannan ya ɗauki mai hoto, su zaɓi wuri mai ban sha'awa, irin bakin tafkin Kainji, su jira hasken hudowar rana ko na gab da faɗuwarta. Ɗinki sana'a ce ta halal, sassaƙa ma haka. Tambayarmu ɗaya ce: rigar wane ne aka sanya?

Ga misali. A wasan Mortal Kombat, wanda ya fito a 1992, akwai jarumi mai suna Raiden, wanda masu wasan da kansu suka ce ubangijin tsawa ne. A wasan God of War na 2005 akwai Kratos, wanda labarinsa ya ginu kan gumakan Girkawa, har aka ce shi ɗan babban gunkinsu ne. Subhanallah! Yaron da ya haddace Ƙulhuwallahu ya ɓata makonni yana shirin fitowa a siffar abin da aka kira abin bauta koma bayan Allah. Ba mu kafirta shi ba, domin galibi bai sani ba. Amma Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke gargaɗi cewa kamanceceniya da mutane tana shigar da mutum cikinsu, kuma Shaikhul Islam Ibnu Taimiyya ya bayyana a Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim cewa kama ta zahiri tana haifar da ƙauna a zuci.

Na biyu shi ne al'aura. Da yawa daga jarumai mata na waɗannan wasanni an zana su ne tsirara-tsirara domin kasuwa, mazan kuma ƙirji a buɗe. A wannan al'ada har namiji yakan yi shigar mace, mace ta yi ta namiji, alhali Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya la'anci masu yin haka. Malamai sun yi saɓani kan hoton kyamara, amma ba su yi saɓani kan bayyana tsiraici ba. Hoton da ya shiga intanet kuwa ba ya dawowa.

Na uku ya shafi rai, kuma mu mutanen ƙasar Yauri mun fi kowa saninsa. Jaruman wasanni irin su PUBG da Call of Duty mayaƙa ne masu kaki da bindiga da rufe fuska. Ba mu manta da watan Yuni na 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A ƙasar da ta ga wannan, saurayi ya rufe fuska ya rataya bindigar katako a bayan gari da magariba, wa zai tsaya ya tambaye shi ko wasa yake yi? Jami'in tsaro ko ɗan sa-kai ba zai jira bayani ba.

Wani zai ce: ai mu ma muna da tashe, yara suna sa gemun auduga da tsummoki a watan azumi. Gaskiya ne. Sai dai mai tashe ya san wanda yake kwaikwayo, kuma yana yi ne domin a yi dariya a ƙyamaci mugun hali. Mai wannan sabuwar shiga kuwa girmama jarumin yake yi, yana burin a ce ya yi kama da shi sak.

Saboda haka muna kira ga iyaye su tambayi 'ya'yansu abin da ke cikin wayoyinsu, cikin hikima da tausasawa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Telolinmu da masu hoto su binciki hoton da aka kawo musu kafin su karɓi kuɗi. Samari kuma, baiwar da Allah Ya ba ku kada ta tafi a banza. Dattawan Gungawa da suka ga tashin garuruwansu lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968 suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ku ɗauki maganarsu, ku adana tarihin masunta da masassaƙa jirage da malaman ƙasarku. Wannan naku ne, babu mai cewa aro kuka yi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya shiryi zuriyarmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.